TR-YÖS ko SAT: wacce ɗalibi zai zana don shiga jami'ar gwamnati a Turkiyya?

Hajiya, kin ce ɗanki ya gama sakandare, sakamakonsa na WAEC ya yi kyau, lissafi ne ƙarfinsa amma Turancinsa da sauƙi-sauƙi. Yana son karatun injiniya a jami'ar gwamnati a Turkiyya, an kuma ce masa ko TR-YÖS ko SAT, kuɗin guda ɗaya kike da shi. A ganina ya zana TR-YÖS, ga dalilina.

TR-YÖS jarrabawar shiga jami'a ce ta ɗaliban ƙetare, ta hukumar ÖSYM, wato hukumar da ke shirya manyan jarrabawowin Turkiyya, kamar JAMB a wajenmu. A da kowace jami'a kan shirya tata YÖS ɗin, ɗalibi ya yi ta biyan kuɗi nan da can, sai a 2023 aka fara wannan ta bai-ɗaya. Tambayoyi 80 ne cikin minti 100: 40 na lissafi, 40 na gwajin kaifin basira, irin su jerin lambobi, siffofi da alamomin da za a gano ƙa'idar da ta haɗa su. Ba insha'i, ba nahawu, ba dogon karatu. Ana fitar da ita cikin harsuna shida: Turkanci, Ingilishi, Larabci, Faransanci, Jamusanci da Rashanci. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi su lura da wannan sosai, domin wanda ya yi karatunsa da Faransanci ko Larabci zai iya zana ta da harshen da ya saba.

SAT kuwa ta College Board ce ta Amurka, da Ingilishi kaɗai ake yin ta, kuma tun 2023 a kwamfuta ake zana ta ta manhajar Bluebook. Tambayoyi 98 ne cikin awa 2 da minti 14. Daga ciki 54 na karatu da rubutun Ingilishi ne, 44 na lissafi. Makin ƙoli 1600, rabinsa cif daga ɓangaren Ingilishi yake fitowa. To kin ga inda gizo ke saƙar. Yaro zai iya cinye lissafin kusan duka, amma idan ya yi tuntuɓe a ɓangaren karatu, jimillar makinsa ta faɗo ƙasa da abin da manyan jami'o'i ke nema. Kuma Turancin SAT ba irin na WAEC ba ne: gajerun nassoshi ne na kimiyya da tarihi da adabi, a tambaye shi wace jimla ce ta fi ƙarfafa hujjar marubuci.

Kada wannan ya sa a ɗauki TR-YÖS abin wasa. Wahalarta a lokaci take. Daƙiƙa 75 ke gare shi a kowace tambaya, ba a shiga da kalkuleta, kuma duk amsa huɗu da ya kuskure suna cinye masa amsa ɗaya da ya ci. Saboda haka cika takarda da canki-canka asara ce. Abin da bai sani ba ya bar shi. A SAT akasin haka ne, ba a rage maki don kuskure, kalkuleta na nan cikin manhajar, kuma yana da kusan minti ɗaya da rabi a kowace tambayar lissafi. Ɓangaren kaifin basirar nan shi ke ba yaranmu mamaki, don ba a koyar da shi a SS3. Abin da ke magance shi yawan atisaye da tsofaffin tambayoyi, agogo na gefe, har ido ya saba da salon. Ni dai na fi ganin sauƙin gyara wannan cikin 'yan watanni a kan ɗaga Turancin yaro zuwa matakin SAT.

Akwai inda SAT ta yi wa TR-YÖS nisa, dole a faɗa. TR-YÖS ba ta da amfani sai a jami'o'in Turkiyya, SAT kuwa jami'o'i a ƙasashe da yawa suna karɓar ta. Ana yin SAT aƙalla sau bakwai a shekara, TR-YÖS sau biyu kawai, idan ta wuce shi sai jiran watanni. Kuma jami'o'in gwamnati masu koyarwa da Ingilishi, irin su METU a Ankara da Boğaziçi a Istanbul, sun daɗe suna karɓar SAT. Da ɗanki gwanin Turanci ne mai hangen Amurka ma, da na ce SAT, duk da kuɗinta ya haura dala 100 ga ɗalibin ƙetare.

Kafin ki biya ko sisi, ya zaɓi jami'o'i huɗu ko biyar, ya buɗe sanarwar ɗaukar ɗaliban ƙetare ta kowacce. Kowace jami'a ita ke yanke jarrabawar da za ta karɓa da mafi ƙarancin maki, har akwai masu duba sakamakon sakandare kawai a wasu fannoni. Ya kuma duba jerin garuruwan da ÖSYM ta ware a jagorar shekarar, saboda idan cibiyar na nesa, kuɗin mota ko na jirgi ya shiga lissafi. Makin TR-YÖS na aiki shekara biyu, don haka ko bai samu gurbi a zangon farko ba, zai iya sake nema da shi.

Sai maganar harshe. Yawancin darussa a jami'o'in gwamnati da Turkanci ake yin su, wanda bai iya ba sai ya yi shekarar share fage a cibiyar koyon harshe, wadda aka fi sani da TÖMER. Ki sa kuɗin wannan shekarar a kasafi tare da kuɗin makaranta, domin ɗalibin ƙetare yana biya ko a jami'ar gwamnati. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, kuwa hanya ce daban, ana cike shi daga Janairu zuwa Fabrairu, kuma ba abin da zai hana shi neman sa yana shirin TR-YÖS.