Fim ɗin Chali Chaplin da ake dafa takalmi

Gaskiya ba don ƙanena ya dame ni ba da ba abin da zai zaunar da ni kallon fim mai shekara ɗari, baƙi da fari kuma wai ba a magana a ciki. The Gold Rush sunansa, na 1925, Chali Chaplin shi ya rubuta shi ya ba da umarni shi ne kuma jarumin. Wajen yaron nan mai tura fina-finai na bakin layinmu na karɓo a memori, na jona a talabijin bayan isha'i da niyyar in ba shi minti goma in kashe.

Wallahi ban kashe ba. Labarin masu tururuwar neman zinare ne can yankin Klondike mai ƙanƙara, Chali ya maƙale a wata bukkar katako da wani ƙato Big Jim, ga guguwa a waje ga ba ko ƙwayar abinci. Sai da ya fara cin kyandir har da barbaɗa gishiri, daga nan ya cire takalminsa ƙafa ɗaya ya jefa a tukunya. To ba dafawar ce ta kashe ni ba, yadda yake yi da gaske ne, yana soka cokali mai yatsu yana duba ko ya nuna, yana ɗiban romon yana zubawa a kai kamar wani kukun babban otal. Ƙaton ya ƙwace saman fatar ya bar masa tafin mai ƙusoshi, shi ko a jikinsa, ya naɗe igiyar takalmin kamar taliya ya shanye, ƙusoshin nan kuwa ɗaya bayan ɗaya yake tsotsa kamar ƙashin kaza, fuskar nan ba ko murmushi. Uwargida da ta ce ita bacci za ta yi sai ga ta a ƙasa tana riƙe ciki, yara har da hawaye, sau huɗu muka dawo da wajen baya. Daga baya ƙanen nawa ya ce min takalmin na alewa ne aka ƙera, ni dai a ido fata ce sak. Can kuma yunwa ta juya wa Big Jim kai ya fara ganin Chali a matsayin ƙatuwar kaza ya bi shi da bindiga.

Amma fa raina ya ɓaci, kuma yanzu da nake rubutun nan ma abin ya dawo min sabo. Na ce wa mai tura fina-finan nan na asali nake so, marar magana, ya ce shi ne. Muna kunnawa sai ga wani yana ta zuba Turanci a kai, duk motsin da aka yi sai ya yi bayani. Na ɗauka irin masu fassarar nan ne suka taɓa shi, ashe Chaplin ɗin ne da kansa, a 1942 ya sake fitar da fim ɗin ya cire rubutun allo ya sa muryarsa da kiɗa, ya kuma datse kusan minti ashirin. Haba dan Allah, abin da ido ke gani meye na sharhi? Uwargida ba ta jin Turancin, sai tambayata take me ya ce, alhali ba abin da ya ce da ba ta riga ta gani ba. Har wajen da ya shirya liyafar sabuwar shekara yana jiran Georgia, yarinyar da yake so, ba ta zo ba, ya yi mafarkin yana rawar burodi da cokula masu yatsu biyu, wajen da ya kamata a yi tsit tausayi ya kama mutum, muryar na nan. Sumbatar ƙarshe da aka yanke dai ban yi kukanta ba, da yara nake kallo.

Sannan daidai inda bukkar ke lilo a bakin dutse hoton ya daskare, sai tsallakewa muka yi. Na koma wajen mai tura fina-finan da safe yana ce min wai memorina ne. Ban ma tsaya musu ba, don kafin in fito sai da aka ciro silifas ɗina daga tukunyar ruwan zafi, autanmu ya sa wai zai yi mana abincin Chali.