Gyaran injin zuƙe hayaƙi a Asawase: mai gyaran da ke aunawa kafin ya canja kaya

Injin zuƙe hayaƙi da ake kafawa a saman murhun gas yana ƙara shiga sababbin gidajen Kumasi, amma masu gyaransa ƙalilan ne, domin yawancin masu gyaran kayan lantarki sun fi sabawa da firji da fanka da talabijin. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana yadda aikin wani ƙaramin shago da ke Asawase, ta wajen Aboabo, ya kasance a gidanmu.

Injin namu ya fara nuna lambar E1 yana ƙara, fankarsa kuma ta tashi da ƙarfi sannan ta tsaya cak. Littafin da ya zo da shi ya ce lambar tana nufin matsalar sensar zafi, kodayake kowane kamfani da tsarin lambobinsa, saboda haka E1 ɗin wani injin yana iya nufin wani abu dabam. A wani shago a Adum an ce mana sai an canja allon da ke sarrafa injin gaba ɗaya, kuma daga Accra za a kawo shi, alhali babu wanda ya zo ya duba.

Mai gyaran Asawase, wanda yaransa ke kira Masta, ya fara da zare fulogi, ya cire ragar tace maiƙo, sannan ya fito da mitar gwada kayan lantarki. "Hajiya," in ji shi, "lambar ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi allon ba ya jin abin da ya kamata ya ji daga wajenta." Gaskiyarsa ce, domin katsewar waya ko kwancewar mahaɗi ko haɗewar wayoyi biyu duk suna iya haifar da lamba guda. Sensar namu irin wadda juriyarta ga wuta ke raguwa ce idan zafi ya ƙaru, kuma da yawa daga cikin irinta suna nuna kilo'om 10 a zafin digiri 25. Da ya auna, mita ta nuna kusan 8, abin da ya dace da ɗumin kicin da rana, kuma da ya riƙe ta da yatsunsa adadin ya ci gaba da sauka a hankali. Ke nan lafiyarta ƙalau. Cutar tana mahaɗin da ke tsakaninta da allon, inda maiƙo ya daskare har ƙarfen ya fara tsatsa. Ya goge wurin da sifirit, ya matse bakin wayar, ya mayar da komai, lambar ta ɓace, fanka ta koma bin matakanta yadda aka saba.

Bayaninsa kan musabbabin ya fi gyaran amfani a wajena. Kicin da ake suyar shito da kifi da kelewele, ana kuma yawan girki da manja, yana tura maiƙo mai yawa sama, kuma idan raga ta toshe sai tururin ya bi ta gefe ya isa ga wayoyi. Ƙurar hunturu kuma ta manne a kai. Ya ce a riƙa wanke ragar ƙarfen da ruwan zafi da sabulu kamar sau ɗaya a wata, ita kuwa matatar gawayi mai tsotse wari yawanci canja ta ake yi. Ya kuma nuna mini cewa fitilar da ke tunatar da wankin raga awannin aiki kawai take ƙirgawa, don haka idan ta haska ba alamar lalacewa ba ce. Kafin ya rufe injin ya duba allon ko akwai tabon ƙuna, tunda wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, tana iya ƙona shi, ya ba da shawarar a sa masa na'urar kariya irin ta firji.

Shagon yana da nasa rauni. Alkawarin safe sai bayan la'asar aka cika shi, kuma babu rasit, sai dai saƙon MoMo, wato na biyan kuɗi ta waya, ya zama shaida. Ba ya ajiye kayan irin wannan injin, wato da sensar ce ta mutu da sai an shiga nema, kuma dole a sami mai lamba daidai da ta asali, in ba haka ba allon zai riƙa karanta zafin da babu shi. Kuɗin aikin dai bai kai ko kusa da farashin sabon allo ba.

Duk wanda injinsa ke da sauran garanti ya fara komawa wajen dillalin da ya sayar masa, domin buɗe shi a wani wuri yana iya soke garantin. Wanda nasa ya ƙare kuwa, ina ba shi shawarar wannan shago, da sharaɗin ya ɗauki hoton lambar, ya tanadi littafin injin, kuma kada ya sa ranar gyara ta zo daidai da ranar girkin suna ko biki.