Gargaɗi: na biya dala 285 a kan ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba

Assalamu alaikum. Na yi kwanaki ina rubuta wannan bayani ina gogewa saboda kunya, amma ɓacin ran da nake ciki ya fi ƙarfin kunyar. Wani ƙaramin kamfanin wasan bidiyo ya karɓi dala 285 a hannuna da sunan ƙarin babi uku da zai fitar bayan ƙaddamar da wasansa, kuma har ranar da ya kashe sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet, ya yi ɓatan dabo bai fitar da ko guda ɗaya ba. Dala 120 tawa ce, dala 120 ta ƙanena ce, sai dala 45 da suka sake karɓa daga baya. Ban sa dala 30 ta ainihin wasan a lissafi ba, domin shi kam na buga shi kuma na ji daɗinsa. Abin da nake kuka a kansa shi ne dala 285 da na bayar a kan abin da babu shi, kuma yanzu na tabbata ba a taɓa niyyar yin sa ba.

Kafin wani ya ce wauta ce ta kai ni, ina so a san cewa ni ba sabon shiga ba ne a harkar wasanni. Na fi shekara 15 ina saye ina bugawa, kuma ina bibiyar yadda kamfanoni ke sayar da ƙarin abubuwan da 'yan wasa ke kira DLC. Na san hayaniyar da aka yi a 2006 lokacin da aka sayar da sulken doki a wasan Oblivion a kan dala 2.50, mutane suna cewa an raina musu hankali, alhali kuwa wanda ya biya a lokacin ya ga sulken a jikin dokinsa nan take. Ina nan a watan Disamba na 2023 lokacin da wasan The Day Before ya fito, kamfanin da ya yi shi ya sanar da rufewa bayan kwana huɗu kacal. Ni ne ma na riƙa gargaɗin abokaina a lokacin cewa kada su yi cinikin biri a sama. Wata uku bayan haka ni da kaina na yi irin wannan cinikin, kuma wannan ne yake hana ni barci.

Daren da na yarda da mutanen kamfanin da ya cuce ni ba ya barin raina. Sun yi shirin kai tsaye a intanet, wani mutum da ya gabatar da kansa a matsayin shugaban masu tsara wasan yana bugawa muna kallo. A cikin wasan akwai wata ƙofar ƙarfe a arewacin birni, kullum a kulle, da ɗan haske yana fitowa ta ƙarƙashinta, kuma duk wanda ya buga wasan ya taɓa tsayawa a gabanta yana tunanin abin da ke bayanta. Mutumin ya tuƙa ɗan wasansa har bakin ƙofar, ya ɗan yi shiru, sannan ya buɗe ta. Sai ga wani kwari mai dusar ƙanƙara, da hasumiya a can nesa, da sawun dabba a kan farar ƙasa, iska tana kaɗa rassan bishiyoyi. Ya yi kusan minti huɗu yana tafiya a ciki. Na rubuta tambaya a gefen allo cewa shin an gama aikin ne ko zane ne kawai ake nuna mana, sai ya karanta tambayar da babbar murya, ya ambaci sunan da nake amfani da shi a wasa, ya yi murmushi ya ce: "Tambayarka ta yi kyau. Babi na farko an kusa gama shi, gyare-gyare ne kawai suka rage." Ya kira sunana a gaban kowa. Ina maimaita wannan daƙiƙar a zuciyata sau da yawa a rana, ina neman alamar ƙarya a fuskarsa ko a muryarsa, kuma har yanzu ban samu ba. Da idona na ga ƙofar ta buɗe. Wane mai hankali ne zai ga haka ya ce babu komai a bayanta?

A wannan daren ne ya sanar da abin da suka kira ƙunshin 'yan sahun farko, dala 120, wanda ya ƙunshi babi uku masu zuwa da wata alkyabba ta musamman da za a ba ɗan wasanka nan take. Ya ce ba za a sayar da shi a kasuwar wasanni ba, sai a shafinsu kawai, domin manyan kasuwanni suna yanke kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki, su kuma ƙaramin kamfani ne da ke son kuɗin ya tafi kai tsaye ga aiki. Maganar kashi 30 gaskiya ce, haka Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta a intanet, ke yanka a ƙa'idarsa ta yau da kullum, kuma saboda na san gaskiya ce shi ya sa ban yi shakkar sauran maganar ba. Har wani daɗi na ji a raina cewa ina taimakon masu ƙaramin ƙarfi. Ban tsaya na lura cewa fita daga kasuwar yana nufin fita daga duk wata kariya da mai saye ke da ita ba.

Na tsallake wani abu. Kafin shirin kai tsayen, tun a makon farko na fitowar wasan, sun ba da sabuntawa biyu kyauta, sun gyara matsalolin da muka yi ƙorafi a kai, sun ƙara wani ɗan ƙaramin aiki a cikin birnin. Wannan ne ya fara sa na saki jiki da su, domin na saba ganin cewa kamfanin da ke gyara wasansa kyauta yakan kasance mai riƙon amana. A ƙarshen Fabrairu aka yi wannan, ciniki na kuma ya kasance a Maris. Ina da rasit ɗin, zan ɗora shi.

Ƙanena shi ne ɓangaren da ya fi yi mini ciwo. Ba shi da sha'awar sayen abin da bai fito ba, ni na matsa masa. Ya tambaye ni: "Yaya, ka tabbata waɗannan mutanen za su cika alƙawari?" Na ce masa na gani da idona, na tura masa hoton kwarin, na ce idan ya jinkirta farashin zai tashi kamar yadda suka faɗa. Ya turo mini dala 120 da ya daɗe yana tarawa, na biya masa daga asusuna. Lokacin da komai ya bayyana na mayar masa da kuɗinsa, ya ƙi karɓa, ya ce: "Yaya, ka bari, ba laifinka ba ne." Sai da na rantse masa sannan ya karɓa. Bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma shirun nasa ya fi gori nauyi a kaina. Shi ya sa nake cewa dala 285 ɗin duka tawa ce, dala 120 sau biyu da dala 45.

Jadawalin da suka wallafa ya ce babi na farko zai fito a Oktoba. A lokacin na ɗauka tsari ne irin na masu aiki da hankali, sai daga baya na zauna na ƙirga kwanakin. Kamfanin biyan kuɗin da na yi amfani da shi yana ba mai saye kwana 180 ya shigar da ƙorafi idan ba a kawo masa kaya ba, kuma kwana 180 daga Maris yana ƙarewa ne a Satumba. Sun sa ranar fitowar babin wata ɗaya bayan wa'adin ƙorafi ya cika. Duk tsawon watannin nan suna fitar da hotuna kowane mako, yau hoton wani dodo, gobe zanen takobi, suna shafa mana zuma a baki don kada wani ya farga ya nemi kuɗinsa kafin lokaci ya ƙure. Ba zan taɓa yarda cewa dace ne ba.

Da Oktoba ta zo sai suka fitar da doguwar wasiƙar ban haƙuri, suka ce aikin ya faɗaɗa fiye da yadda suka zata, an ɗage zuwa Janairu, amma wanda ya ƙara dala 45 zai shiga gwajin babin tun a Disamba kuma za a ba shi wani doki na musamman. Na biya. Na san yadda wannan zai yi wa mai karatu, amma a lokacin tunanina shi ne mutumin da ya riga ya zuba dala 240 ya kamata ya shiga ya ga abin da idonsa, kuma gwajin shi ne hanya mafi sauri ta sanin gaskiya. Dokin ya zo a ranar, gwajin kuwa bai taɓa zuwa ba. Da na shigar da ƙorafi a kan wannan dala 45, wadda ita tana cikin wa'adi, sai suka gabatar da shaidar cewa an ba ni dokin, saboda haka an kawo kaya. A nan ne na gane amfanin alkyabbar da ke cikin ƙunshin farko. An sa ta ne don a samu abin nunawa idan rigima ta taso, ƙaramin abu da ake bayarwa nan take ya rufe babban abin da ba za a taɓa bayarwa ba.

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Valve, mai kasuwar Steam, ya fitar da sababbin ƙa'idoji ga masu sayar da tikitin zango a Steam, wato biyan kuɗi gaba ɗaya don jerin ƙarin da zai fito daga baya. Dole kamfanin wasa ya lissafa kowane ƙari, ya bayyana abin da ke cikinsa da lokacin da ake sa ran fitowarsa, ɗagewar da zai yi da kansa sau ɗaya ce kuma ba ta wuce wata uku, idan kuma ya soke wani ƙari sai a mayar wa masu saye kuɗin abin da bai fito ba. Na kwafi wannan bayani na kai zauren tattaunawar kamfanin da ya karɓi kuɗina, na tambaya cikin ladabi ko za su ɗaure kansu da irin waɗannan sharuɗɗa tun da sun ce suna da gaskiya. Cikin ƙasa da awa ɗaya aka goge saƙona, washegari aka kore ni daga zauren da sunan ina tada fitina. A'a, ba washegari ba ne, sai da na sake tambaya karo na biyu sannan aka kore ni. Ina da hoton allon saƙon kafin a goge shi.

Ba wai ba a san yadda ake yin wannan harka da mutunci ba ne. Wasan The Witcher 3 ya fito a 2015, aka ba waɗanda suka saye shi ƙananan ƙari 16 kyauta, manyan ƙari biyu da aka sayar kuwa, Hearts of Stone da Blood and Wine, sun fito a Oktoba 2015 da Mayu 2016, kowannensu cike da abin da ya cancanci kuɗinsa. Wasan No Man's Sky ya fito a 2016 bai cika alƙawuransa ba, mutane suka fusata, waɗanda suka yi shi suka shafe shekaru suna ƙara abubuwa ba tare da karɓar ko sisi ba har suka wanke kansu. Irin waɗannan misalai ne suka sa na ɗauka jinkiri ba lallai ne ya zama damfara ba, kuma da su na riƙa kwantar wa ƙanena hankali daga Oktoba har Janairu. A ganina kamfanin da ya san yana aiki ba ya buƙatar ya karɓi kuɗin babi uku tun kafin ya nuna babi ɗaya a hannun 'yan wasa, idan kuma ya karɓa to ya yarda a ɗaure shi da rana da sharaɗin mayar da kuɗi.

Janairu ta wuce shiru. A Fabrairu aka kashe sabar, shafin ya daina buɗewa, adireshin imel ɗinsu ya fara dawo da saƙo. Wani daga cikin waɗanda aka cuta, wanda ya iya binciken fayilolin wasa, ya duba abin da ke bayan ƙofar ƙarfen a cikin wasan da ke kwamfutocinmu, ya tarar babu komai sai bango da fitila ɗaya da aka ajiye don hasken ya riƙa fitowa ta ƙasa. Kwarin da aka nuna mana kuwa ya gano shi a wata kasuwa da ake sayar wa masu haɗa wasanni kayan da aka riga aka ƙera, da hasumiyar, da bishiyoyin, har da sawun dabbar, komai yadda yake. Saya suka yi suka liƙa a bayan ƙofar na dare ɗaya. Minti huɗun da na gina yardata a kansu ke nan, kuma a kansu na ba da dala 285, na jawo ƙanena ciki.

Kada ku biya kuɗin ƙarin da bai fito ba a wajen kasuwar da ke da dokar mayar da kuɗi, kuma ku ƙirga wa'adin ƙorafinku kafin ku dubi ranar da aka yi muku alƙawari. A Steam ma wa'adin neman a mayar da kuɗi kwana 14 ne, kuma sai in bugawar ba ta kai awa 2 ba, ku san wannan kafin ku saya.

Ban ambaci sunan kamfanin ba tukuna saboda mu da abin ya shafa muna haɗa ƙorafi guda, kuma an shawarce mu da mu jira a shigar da shi. Da zarar an shigar zan ɗora komai, rasit uku, wasiƙar Oktoba, saƙona da aka goge, da bidiyon daren da ya buɗe ƙofar ya kira sunana, kusa da hoton kwarin a kasuwar da suka sayo shi. Duk wanda ya gane wasan daga wannan bayani kuma shi ma ya biya, ya adana rasit ɗinsa, kada ya goge ko da imel ɗaya.