VirtualBox, VMware ko Proxmox: wanne ya fi dacewa da mai koyon haɗa sabobi?

Mai son koyon aikin sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ba sai ya sayi kwamfuta huɗu ba. Laftof ɗaya ta isa in tana da SSD da RAM giga 16. Mai giga 8 ma za ta yi, sai dai a sha jira. Dabarar ita ce ka girka sabar uwa guda a cikin manhajar da ke ba ka damar kunna wasu kwamfutoci a cikin laftof ɗinka, irin su VirtualBox, ka gyara ta tsaf, sannan ka riƙa kwafo 'ya'ya daga jikinta: wannan ya raba adireshi, wancan ya riƙe fayiloli, na uku ya zama kwamfutar ma'aikaci.

Hyper-V, irin wannan manhaja ta Microsoft, dai babu shi a Windows Home, magana ta ƙare. Proxmox gwani ne, amma kwamfuta sukutum yake so a ware masa, ga kuma halin da wutarmu take ciki. VMware Workstation Pro ya zama kyauta ga kowa tun Nuwamban 2024, sai dai kafin ka sauke shi sai ka buɗe asusu a shafin Broadcom, kamfanin da ya mallake shi, ni kuma ba ni da wannan haƙurin.

Ni VirtualBox na riƙe. Na Oracle ne, kyauta ne, yana hawa Windows da Linux. Kwafi iri biyu yake yi. Cikakken kwafi yana cin wuri daidai da uwar. Wanda suke kira linked clone kuwa abin da ya sauya kaɗai yake ajiyewa, shi ya sa cikin daƙiƙoƙi kake samun sabar sabuwa, biyar ma su zauna a ƙaramin SSD. Sharaɗin kawai, kada ka kuskura ka goge fayil ɗin uwar, don duk 'ya'yan za su bi ta.

Abin da ya fi saye ni shi ne yana tambayarka ko ya ba kwafin sabon adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwarsa. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da sabobina uku na Ubuntu suke karɓar adireshin IP iri ɗaya. Na sauya MAC, shiru. Ashe lambar shaidar na'ura da ke cikin fayil ɗin /etc/machine-id ce ta biyo su daga uwa, kuma da ita suke neman adireshi. Yanzu kafin in yi kwafi sai na share abin da ke cikin fayil ɗin, na goge makullan SSH, waɗanda sabar ke shaida kanta da su idan aka shige ta daga nesa. A Windows kuwa manhajar Sysprep ake sa wa uwar kafin kwafi, in ba haka ba lambar shaidarsu ta SID za ta zo ɗaya. Kuma a saitin sadarwa na VirtualBox kada ka bar sabobin a kan NAT zalla, kowanne adireshin 10.0.2.15 zai samu, ba sa ganin juna. Ka zaɓi NAT Network.

Sai batun 'yan damfara, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Har yau akwai masu sayar wa ɗalibai lambar buɗe VMware, abin da masu shi suka riga suka saki kyauta. Wasu kuma Windows Server da aka fasa suke tallatawa, alhali Microsoft na bayar da na gwaji tsawon kwana 180. Haɗaɗɗiyar sabar da wani ya ɗora a shafin da ba ka sani ba, ƙyale ta. Ba ka san abin da ya binne a ciki ba, kuma duk kwafin da ka yi da shi zai tafi. Mafi muni shi ne SSD na jabu. An taɓa sayar mini da wanda aka rubuta tera ɗaya a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, amma da kwafi ya yi yawa sai fayiloli suka fara lalacewa. Kafin ka biya, ka sa H2testw, manhajar gwada ainihin girman ma'ajiya, ya cika shi ya karanta a gaban mai shagon, ko da zai kai ku la'asar.