Galbo ɗin da na sayo don juya hasken lesa

Wata uku kenan ina wasa da shi a shagona na gyaran amfilifaya nan Tudun Wada, Gusau, to bari in faɗi abin da na gani tunda wasu na ta tambayar yadda yake aiki.

Kafin in saye shi babu dabarar da ban yi ba, na manna ɗan madubi a kan lasifika, na gwada motar tsohuwar firinta, hasken dai yana motsi amma ka ce ya zana da'ira sai ya ba ka ƙwai, ga rawa kamar mai jin sanyi. Galbo kuwa wani abu ne daban wallahi. Motoci biyu ne ƙanana kowace da madubinta kamar farce, ɗaya na kai haske hagu da dama ɗaya sama da ƙasa, kuma akwai abin da ke gaya wa bod ɗin da ke sarrafa motocin inda madubin yake a kowane lokaci, shi ya sa yake tsayawa cak inda ka ce. Ranar da na fara rubuta sunan ɗiyata da koren haske a bangon maƙwabci yaran unguwa har da ihu.

Amma fa 20K ɗin da aka rubuta na saurinsa, wato ɗigo dubu ashirin a sakan ɗaya, kar ya ruɗe ka, a ƙaramin kusurwa ake auna shi, wajen digiri 8. Ina buɗe zanen ya cika bango sai kusurwoyi su lanƙwashe, motar ta hau kuka, ta ɗau zafi, da zafin garin nan dole na ɗaura masa fanka. Mai sayarwar bai sako ko takarda ɗaya ba, kwana biyu na yi ina murɗa ƴan sukurorin bod ɗin kafin murabba'i ya fito daidai. Kuma ba ya cin sigina kai tsaye daga Arduino, ɗan bod ɗin da ke aika masa umarni, yana son ±5V, sai ka haɗa DAC (mai mayar da lambobi zuwa bolt) da op-amp (mai ƙara ƙarfin sigina) a tsakani, ni DAC ɗin MCP4822 na sa.

Madubin a fuskarsa aka shafa abin sheƙin, ƙurar hunturu ta hau na goge da bakin riga, ya karce, har yau raina na ɓaci. Yanzu a kwali yake kwana.

Ido kuma ba a sayen wani, in motar ta tsaya hasken wuri ɗaya yake taruwa, don haka sama da kan mutane nake saita shi, kuma ba na kunnawa in yara sun matso gaban tebur.