Wata uku ina zuba harsashi a teku: sharhi kan harbin nesa a Naval Action

Na shiga Naval Action da ƙafar dama, ina ganin ai na saba wasannin harbi, igwa ba za ta gagare ni ba. Karon farko da na yi da wani jirgi mai tazarar mita ɗari biyar, na saki igwogin gefe guda gaba ɗaya, na tsaya ina jiran in ga katako na tashi. Ruwa kawai na ga ya fantsama, can gaban jirgin, shi kuwa ko gezau bai yi ba.

Wasan na kwamfuta ne, ya fara fita a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a 2016, an kammala shi a 2019. Fagensa tekun Karibiyan ne, a zamanin jiragen yaƙi masu filafilai. Abin da ya riƙe ni shi ne igwarsa ba ta san wasa ba. Harsashin dunƙulen ƙarfe ne mai tashi ya lanƙwaso, kuma kafin ya isa, wanda ka auna ya riga ya gusa. Dole ka ɗaga baki sama da shi, ka kuma auna gabansa, inda zai kai, ba inda yake ba.

Na daɗe kafin in gane amfanin harbin gwaji. Idan ka taɓa madannin Space, igwa ɗaya ce ke tashi. Ka sa madubin hangen nesa ka dubi inda ta sauka. Ta gaza, ka ɗaga kaɗan. Ta tsallake, ka sunkuyar. Sai ka ga ta dira a jikinsa sannan ka saki sauran, kuma nan take, don jinkirin daƙiƙa biyu ya isa ya ɓata lissafin. Da can ina ganin asarar harsashi ne. Ashe asarar ita ce sakin ashirin a ruwa, sannan ka zauna jiran ɗuri abokin gaba yana yi maka ruwan wuta.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne karkatar jirgi. Iska idan ta cika filafilai takan kwantar da jirgin gefe guda, sai igwogin wannan gefen su dubi ruwa, na ɗaya gefen su dubi sama. Sau nawa ina ɗaga saiti har ƙarshensa amma harsashi ya ƙi kaiwa, ina zargin linzamin kwamfutata, alhali jirgina ne a kishingiɗe. Maganin ba a hannun mai harbi yake ba, a filafilai yake: ka rage su, ko ka juya su iska ta zame, jirgi ya miƙe, sai igwa ta dawo hayyacinta. Ga kuma taguwar ruwa mai ɗaga ka ta sauke. Yanzu har ƙirga ta nake yi a zuci kafin in danna.

Kuma samu daban, hudawa daban. Harsashi yana rasa ƙarfi gwargwadon nisa, kuma idan abokin gaba ya kusurwanta jikinsa gare ka, za ka ji ƙarar bugu amma ƙarfen ya zame ya faɗa ruwa. Shi ya sa daga nesa na daina neman gangar jiki. Nakan bi filafilai da ginshiƙansu in rage masa gudu, ko da yake harsashin sarƙa, wanda aka yi don yaga filafilai, ba ya zuwa da nisa. Idan gudun jirginsa ya ragu sai in zagayo ƙeyarsa, inda katako ba kauri, in tsefe shi daga baya zuwa goshi. Haka Victory ta Ingila mai igwa 104 ta yi wa Bucentaure ta Faransa a yaƙin Trafalga a 1805.

Manyan ire-iren igwogin uku ne: doguwa, matsakaiciya, da gajeriya mai faɗin baki da ake kira karoned. Wanda ke son harbin nesa ya ɗauki doguwa, ya haƙura da jinkirin ɗurinta. Na taɓa cika jirgina da karoned saboda ɓarnarta, wani mai dogaye ya tsaya nesa ya mayar da ni rariya, ban taɓa shi ko sau ɗaya ba. Abin da ya sami jirgin Amurka Essex ke nan a gabar Valparaiso ta ƙasar Chile a 1814, lokacin da Phoebe ta Ingila ta ƙi matsowa ta yi ta dukansa da dogayen igwogi. Na ɗan samu sanyi da na tuna ba ni ne farau ba.

Mai gaggawa kada ya wahalar da kansa, don faɗa ɗaya kan haura sa'a guda, rabinsa kuwa neman saman iska ne, wato ɓangaren da iska ke busowa. Ni dai har yanzu ina kuskure fiye da yadda nake samu idan tazara ta wuce mita ɗari shida. Amma daren jiya na karya ginshiƙin wani da ke ƙoƙarin tserewa, da igwogin goshi biyu kacal, bayan gwaji uku.