Ledar kushin a kujerun tsohuwar fijo 504: yadda na same ta

Mai son farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504 a Birnin Kebbi, ba injin ne zai wahalar da shi ba. Tun 1968 aka fara ƙera motar a Faransa, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, don haka makanikanmu sun san ta ciki da bai. Kujeru ne abin ji. Na motar da muka gada wajen Baba duk sun dare, soson ya zama gari, ni kuma na ƙudura ni zan ɗinka su da hannuna.

Ledar da na saya a kasuwa wajen masu kayan kushin mai kauri ce, ruwan ƙasa, bayanta da saƙar zare. Wannan saƙar ita ce ƙarfinta. Dattijon da ya sayar min cewa ya yi, "Malam, ja ta ta tsawo, ka kuma ja ta ta faɗi, ka ji bambanci." Ta gefe ɗaya ta fi miƙewa, kuma dole a lura da haka kafin a sa almakashi, in ba haka ba rigar kujerar ta fito a karkace.

Wajen yanka ba ta da gardama. Na farke tsofaffin rigunan a hankali da reza, na shimfiɗa kowane ƙyalle a bayan sabuwar ledar, na zagaye da alli. Kada kowa ya zubar da tsohuwar riga komai lalacewarta, don ita ce kaɗai ma'aunin da zai samu.

Ɗinkin ne ke son haƙuri. Leda ba yadi ba ce: duk inda allura ta huda, hujin ya zauna ke nan. In ɗinki ya yi ƙanana, sai ramukan su jeru kusa da kusa, ranar da mutum mai jiki ya zauna ta yage ta bin layin kamar takardar rasit. Sai a buɗe tazarar ɗinkin ta kai wajen milimita 5, a sa allura mai kauri da zaren roba, ban da na auduga, wanda zufa da rana ke cinyewa. Keken gida na ƙafa ya ja ninki biyu lafiya, sai dai fuskar ledar na manne wa 'yar ƙafar keken da ke danne abin ɗinki; siririyar takarda a sama ta magance wannan. Inda ninki ya kai huɗu, wato bakin rigar da igiya ke bi ta cikinsa, keken ya gaza. Can na kai wa wani mai ɗinkin kushin da ke da babban keke ya bi min.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take laushi in ta sha rana. Na shanya rigunan kafin na saka, suka hau sabon soso suka kwanta ba tattara. Ƙurar hunturu kuwa tsumma mai damshi ya ishe ta. A marfin ƙofofi da bayan kujeru ban ga abin da zai fi ta ba.

Sai dai a mazauni ban yaba mata ba, kuma a nan nake jan hankalin 'yan'uwa. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan kan wuce digiri 40, motar da ta wuni a rana kuwa ledarta ba ta taɓuwa. Ka shiga da farar shadda, kafin ka kai Jega bayanka ya jiƙe sharkaf. Shi ya sa a kujerun gaba na sa yadin kushin mai kauri a tsakiya, inda jiki ke taɓawa, leda ta zagaye gefe. Wasu sun ce me ya hana ni sa jar fatar Sakkwato. Kyau kam ba a magana, amma fatar akuya ƙarama ce, sai an yi ta haɗe-haɗe, kuma kowane haɗi wurin darewa ne.

Kujerar baya na bar ta leda zalla saboda yara, ina dai shimfiɗa mata tawul in rana ta take.